Ranar da Aka Kashe Wutar Gonaki

Har gobe ban manta da ranar da muka je ɗauko Kofur Lawal a bayan ƙauyen Babban Duhu ba. Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da na'ura a gabanku, ku kasa kunne, wannan ba a aji ake koyar da shi ba.

Sashenmu na 'yan ko-ta-kwana ne. Yawancinmu mun riga mun ajiye kaki, da tsaro ya taɓarɓare a Batsari da Safana aka sake kiran mu. Ba mu ke shiga daji ba, akwai sojoji na musamman masu wannan. Namu shi ne mu kai su a jirgi mai saukar ungulu, mu kai musu harsashi da ruwa, mu kwaso wanda ya ji rauni. Ni ne a bakin ƙofa, ni ke duba ƙasa in ce wa matuƙi ya sauka ko kar ya sauka.

Ƙarshen bazara ne, da hantsi, saƙo ya zo an harbi Lawal a cinya, jini ya ƙi tsayawa. Shugaban tawagarsu, Saje Bala, ya ce na'urar da ke nuna inda suke ta fashe, gwangwanin hayaƙi mai launi kuma sun ƙarar da shi wajen janyewa. Ƙa'ida ta ce in haka ta faru su tara ciyawa su kunna, mu bi hayaƙin.

To, ita ƙa'ida ina ta san lokacin sharar gona? Muna isa na leƙa ƙasa. Kowane manomi ya tara kara da ƙaya ya cinna wuta, yana sauri ya gama kafin ruwan shuka. Daga nan har wajen Runka hayaƙi ne tsaye a ko'ina. Saje ya ce yana jin ƙararmu, amma duwatsu na mayar da amo, bai san ta ina muke ba. Daga nan rediyonsa ya ɗauke ɗif.

Sauka a inda ba ka tabbatar ba miƙa kanka ne a hannun 'yan bindiga. Man jirgi kuma yana ta raguwa. Matuƙin, wanda a haife na haife shi, ya ce, "Baba, wanne ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba."

Wallahi tsoro ya kama ni, ba na kaina ba. Ina ta tunanin mutum yana kwance yana jin jirgin da ya zo dominsa yana kewayawa. Matuƙi ya ce zagaye ɗaya ya rage mu juya. Hasbunallahu kawai nake ja.

Ana cikin haka na ga wani hayaƙi ya yi fari ya kwanta. Na kusa da shi ma ya bi. Na ga babura na gudu a kan iyakokin gonaki, mutane na zuba ƙasa a kan wuta da fartanya. Kafin mu gama zagayen, hayaƙi ɗaya ya rage a bakin wani kwazazzabo. Na daki kafaɗar matuƙi na nuna masa.

Bayan mun tashi da Lawal Saje ya ba mu labari. A gefen gonar wani dattijon malamin makarantar allo suka fake. Malamin ya tambayi dalilin da jirgi ya ƙi sauka, da aka gaya masa sai ya sa maƙwabtansa suka hau babura gona-gona suna cewa a kashe wuta, rai ake nema.

Lawal ya rayu, yana nan da ɗingishinsa. Amma da muke ɗagawa na ga manoman tsaye da fartanyunsu, ko ɗaya bai ɗaga mana hannu ba. Na san dalili. Mutanen daji ma suna da ido, duk wanda ya kashe wutarsa ranar ya nuna musu ɓangaren da ya tsaya. Saje ya ce da ya yi wa malamin godiya, abin da ya ce kawai, "Ku hanzarta da shi, ɗana. Mu nan za mu kwana."

Abin da aikin nan ya koya min ke nan. Mu da ke sama a kan yaba mana da ceto, alhali muna da inda za mu koma. Na yi ta cigiyar malamin nan wajen duk tawagar da ta bi ta yankin, har yau ban samu wanda ya ce min lafiya suka wayi gari ba.