Badaru Mai Gadin Shuka

An haifi Badaru a Kafin Marke, wani ƙaramin ƙauye da ke tsakanin Gaya da Ajingi, ta wajen Toranke. Uwarsa ta rasu yana goye, sai ƙanwar ubansa, Gwaggo Hure, ta ɗauke shi ta raine shi da kunu da nonon akuya. Uban kuwa ya sayar da 'yar gonar da suke da ita ya tafi kudu neman arziki, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Haka Badaru ya tashi a garin da kowa manomi ne, shi ba shi da ko kunyar gona ɗaya da zai ce tasa ce.

Ba aikin da bai yi ba. Da damina ƙwadago, da rani yasar rijiya da kwasar taki, in an yi mutuwa shi ake turawa haƙar kabari. Ga shi da in'ina mai tsanani, kafin ya gama gaisuwa an wuce shi. A majalisar ƙofar masallaci in hira ta yi sanyi, sai a kira shi a sa shi ya ba da labari, a yi ta dariya har da riƙe ciki. Wanda ya fi kowa iya kwaikwayonsa shi ne Usaini, sa'ansa, mai shanun huɗa da amalanke. Badaru shi ma yakan yi murmushi. A gidan biki kuwa sai kowa ya ci ya wanke hannu sannan a tuna da shi, a miƙo masa ƙanzo a murfin kwano. Sai da ya manyanta ya samu ya auri Bilki, wata bazawara daga Kademi, suka haifi 'ya ɗaya, Muhsina.

Yana da shekara arba'in da wani abu wani kamfani daga Kano ya zo da maganar sabon gari. Aka tara mutane a ƙofar gidan dagaci, wata injiniya mai suna Khaula ta baje babban zane a kan tabarma tana bayani. Ta ce za a gina gari wanda ba ya cutar da ƙasa. Gidaje da bulon jar ƙasa don su yi sanyi ba tare da fanka ba, wuta daga hasken rana, ruwan sama kuma ba zai tafi a banza ba, magudanai za su kai shi wani tafki a tsakiyar gari. Babu leda, babu hayaƙi, hanyoyin ciki na keke ne da 'yan tafiyar ƙasa. Kafin a aza bulo ɗaya, in ji ta, sai an kewaye wurin da itatuwa, domin su ne za su tare iska su kawo inuwa.

Filin da aka zaɓa shi ne dajin da ke tsakanin ƙauyen da titi. A nan burtali ya bi, a nan mata ke yin itace, a nan awaki ke kiwo, ta nan kuma gajeriyar hanyar fita kwalta take. Wasu gonaki ma sun shiga ciki. Aka biya masu gonakin diyya, suka karɓa suna gunaguni. Kafin damina ta faɗi an ja waya mai ƙaya, an kafa ƙofar ƙarfe biyu, ɗaya ta wajen ƙauye ɗaya ta wajen titi. Wanda ke son fita kwalta sai ya zagaya ta fadama, tafiya mai nisa cikin yashi da laka.

Da aka nemi mai gadi, masu gona suka ƙi don haushi. Badaru ba shi da abin da aka ƙwace masa, shi ya karɓa. Aka ba shi kaki kore, da takalmi, da usur, da gora, da makullan ƙofofin nan biyu. Injiniya Khaula da kanta ta zagaya da shi, ta nuna masa dashen darbejiya da madaci da gawo da mangwaro, kowanne bai wuce gwiwa ba. Ta ce masa dabba ko amalanke kada su shiga ko da wasa, domin shukar nan ita ce ran aikin gaba ɗaya. Da zai amsa mata in'inar ta riƙe shi, sai ta tsaya ta jira har ya gama, ba ta yi dariya ba. Kuma ta kira shi Malam Badaru. Bilki ta ce ranar da ya dawo gida bai iya cin tuwo ba, sai maimaita maganar yake yi.

Ya so itatuwan nan so na gaske. Tun da sassafe yake fita ya bi layi-layi yana duba su, ya tallafe wanda ya karkata da kara, ya kewaye na gefe da ƙaya. Amma tun a watan farko mutane suka gane wani Badarun ne ya sa kakin. Akuyar da ta kutsa ta ƙarƙashin waya, sai ya kama ta ya ɗaure a jikin ƙofar ƙarfe, cikin rana, ba ruwa ba harawa, inda mai ita zai riƙa jin kukanta daga gida. Ba ya saki sai mai ita ya zo da kansa ya tsuguna ya ba da haƙuri, shi kuma ya ɗauki lokacinsa yana amsawa da in'inarsa, ba mai ikon yin ko murmushi. Wata tunkiya mai ciki ta mutu a ɗaure haka. Matan da ya kama da itace ya sa su su mayar da shi inda suka tsinto, ƙirare ɗaya-ɗaya.

Har Gwaggo Hure bai ƙyale ba. Ta tsufa, ƙafa ta yi mata nauyi, sai wata rana ta bi ta wata ɓaraka a jikin waya don ta ɗebo ruwa a rijiyar burtsatsen kamfani, wadda ta fi rijiyar gari kusa da ɗakinta. Ya tare ta tana fitowa da tulu a ka. Ya sauke mata tulun da hannunsa, a hankali, ya juye ruwan a gindin wani dashen mangwaro, ya miƙa mata shi wayam.

Ta dube shi ta ce, "Badaru, da wannan bayan na goya ka."

Ya ce, "Na sani, Gwaggo. Ruwan na shuka ne."

Aka kai ƙararsa wurin dagaci, dagaci ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Aka je wurin manajan kamfanin a Gaya, ya saurara da kyau, ya ce zai duba. Da wata ya ƙare sai aka ƙaro wa Badaru keke sabo fil, domin a duk wuraren da kamfanin ya yi dashe ba inda shuka ta rayu kamar nan.

A damina ta biyu ne abin da ba a manta ba ya faru. Ummu Salma, matar Usaini, ta wayi gari da naƙuda mai wuya. Ungozoma ta yi iya yinta har hantsi, ta ce a kai ta asibitin Ajingi, ɗan ya zo a gicciye. An kwana ana ruwa, fadama ta cika, ba mashin ɗin da zai bi ta can. Usaini ya ɗaura shanu, aka shimfiɗa katifa a amalanke aka kwantar da ita, ungozoma na riƙe da kanta, suka nufo ƙofar ƙarfe. Daga nan ana hango motocin haya suna wucewa a kan kwalta.

Badaru yana zaune a kan benci daga ciki. Usaini ya yi masa bayani da sauri, ya amsa da cewa amalanke ba ta shiga. Usaini ya ce zai ja shanun da hannu a tsakiyar hanya, ba za su taɓa ganye ɗaya ba. Badaru ya ce an yi sabon dashe a kan tsohuwar hanyar, ƙasa kuma ta jiƙe, tayar amalanke za ta tumɓuke su. Sai aka roƙe shi ya buɗe a ɗauki Ummu Salma a hannu, ya ce ba a ba shi izinin barin taro ya shiga ba, sai ya kira manaja. Ya ciro waya ya kira, ba ta shiga ba. Ya sake kira, ya zauna yana jira.

Mutane suka taru. Liman ya zo ya haɗa shi da Allah. Bilki ta fito ba mayafi ta kama ƙarfen ƙofar tana kuka. Usaini, wanda ya shekara talatin yana kwaikwayon bakinsa, ya durƙusa cikin taɓo ya ce, "Malam Badaru, ka yafe mini duk abin da na taɓa yi maka. Matar nan ba ta yi maka komai ba."

Waɗanda ke wurin sun ce Badaru ya daɗe yana kallonsa, kuma da ya buɗe baki maganar ta fito sumul ba in'ina ko kaɗan. Ya ce, "Ai ba ni ba ne, Usaini. Doka ce."

Wasu samari suka ruga neman abin yanka waya, amma ungozoma ta ce ba a da lokacin jira. Aka juya shanun aka bi ta fadama. Amalanken ta kafe a laka, maza suka ciccibi katifar suka ratsa ruwa har ƙugu. Sai bayan azahar suka isa kwalta. A asibiti aka ciro ɗan ba rai. Ummu Salma ta rayu, amma likita ya ce ba za ta ƙara haihuwa ba.

Washegari aka binne jaririn. Wannan ne kabari na farko a Kafin Marke cikin shekaru masu yawa da ba Badaru ya haƙa ba. Ya zo jana'izar da kakinsa, ya tsaya a sahun baya, sai mutanen da ke gefensa suka matsa suka bar shi shi kaɗai.

Ba wanda ya dake shi. Samari sun so, dattawa suka hana, suka ce kamfani zai kawo 'yan sanda a kwashe rabin gari. Abin da aka yi masa shi ne aka daina ganinsa. In ya yi sallama ba a amsawa. Mai shayi yakan ce madara ta ƙare duk lokacin da ya zauna. A masallaci ana barin gurbin mutum ɗaya dama da hagunsa. Amma wanda abin ya fi ci ba shi ba ne. Matan gari suka daina sayen ƙuli-ƙulin Bilki, suka daina aika mata goron suna. Muhsina, wadda a lokacin ba ta wuce 'yar aji uku a Islamiyya ba, yara suka riƙa jifanta da kashin awaki suna kiranta 'yar mai kashe jarirai, malamai kuma suka yi kamar ba su ji ba. Yarinyar ta daina magana a gida, ta fara fitsarin kwance. Bilki ta jure har kaka, sannan ta ɗaure kayanta ta kama hannun 'yarta suka koma Kademi. Badaru bai bi su biko ba. Ya kwashe 'yan komatsansa ya koma ɗakin gadi da ke cikin waya.

Injiniya Khaula ta ji labarin, ta zo ƙauyen ta yi wa Usaini ta'aziyya tana hawaye. Ta ce ba haka ta nufa ba, kuma a zanenta na farko akwai hanyar da ta bar wa mutanen ƙauye, daga sama aka soke ta don kada ta rage yawan filaye. Ta yi alkawarin za ta sa a mayar. Kafin shekara ta zagayo ta bar kamfanin, hanyar kuma ba a mayar ba. Gwaggo Hure ta rasu a ranin da ya biyo baya. An ce ta bar wasiyya kada a sanar da Badaru, ba a kuwa sanar da shi ba sai da ya hango mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Itatuwan sun yi kyau. Duk wanda ya bi hanyar nan yau zai ga kore shar tun daga nesa, darbejiya ta haɗe kai, mangwaro ya fara 'ya'ya. An gina rukunin gidaje na farko, jajaye masu faffadan tagogi, da faifan sola a kan kowane rufi. Ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kano ne suka saya, yawancinsu sai ƙarshen mako suke zuwa shan iska. Tafkin ya cika, har da agwagi. Ana kawo ɗalibai a mota su ga yadda ake tsara gari mai tsafta, a kira Badaru ya tsaya a ɗauki hoto da shi a gindin madacin da ya raina. A ƙauye kuwa awaki sun ragu don ba wurin kiwo, mata na tafiya mai nisa neman itace, matasa da yawa sun tafi birni. Usaini ya sayar da shanunsa, yanzu dako yake yi a kasuwar Gaya.

Bana aka sanar da kashi na biyu na aikin. Za a faɗaɗa garin zuwa gabas, a yi makaranta da filin motsa jiki da wurin sarrafa shara, kuma Kafin Marke ɗin kanta ta shiga cikin zanen. An ce za a ba mutanen wani wuri can bayan fadama. Kamfanin ya nemi wanda ya san gidajen ciki da waje, wanda zai raka masu awo ya shafa jan fenti a jikin duk katangar da za a rushe. Badaru, wanda yanzu shi ne shugaban masu gadi, bai jira an tambaye shi sau biyu ba.

Ranar wata Talata da hantsi ya shigo ƙauyen da bokitin fenti a hannu, masu awo na biye da shi. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa. Ya bi gida-gida yana faɗa musu sunan mai kowane gida da yawan ɗakunansa, ba ya kuskure. Mutane na zaune a ƙofofinsu suna kallo. A wani gida wata tsohuwa ta shanya yankakkiyar kuɓewa a faifai a gindin katanga. Ya tsaya ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ya ce, "Iya, a janye kuɓewar nan, kada fenti ya ɗiga a ciki." Ta janye. Ya tsoma burushi ya ja alamar, ya wuce gida na gaba.