Tatsuniyar Gulbi

Ni ban yi karatu mai nisa ba, kuma ba gwanin ba da labari ba ne. Amma tun da muka binne kakana Kofur a Anka, akwai abin da ya tsaya mini a rai.

A ƙauyenmu, tsakanin Anka da Bukkuyum, bayan magariba kakata Inna Tsohuwa ke hura wutar karan dawa tana gasa mana gyaɗa. Mu jikoki mu kewaye ta. Kofur, tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa, sai ya zauna gefe yana tufka igiya, wai shi ba ruwansa da shirmen mata da yara.

"To tashi mana," in ji ta. "Ga angwayena nan, mi zan yi da tsoho?"

Bai taɓa tashi ba.

Akwai wata tatsuniya da ta gundure mu. Babu dodo, babu waƙa. Wasu abokai biyu ne suka tafi ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ɗaya ya ji ciwo a ƙafa, ɗayan ya goya shi. Suka iso bakin gulbi ya cika, ga masu farautarsu a baya. Ya shiga da shi. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya kai wuya.

A nan hannun Kofur yake tsayawa a kan igiya.

"Sai sunka haye," in ji Inna Tsohuwa, ba mu take kallo ba. "Su biyu. Kowa ya koma gidansu."

Sai igiya ta ci gaba. Mu kuwa mu yi ta ƙorafi a ba mu ta kura.

Kofur ɗin nan ya aurar da 'ya'ya, ya riƙe marayun ƙaninsa, bai taɓa sa loma a baki ba sai ya ga yara sun ci. Kowace kaka yana aika damin dawa wani gida a Gummi, babu wanda ya san dangantakar. Ni kaina na sha kaiwa a babur, ina tsaki.

Inna Tsohuwa ta riga shi tafiya da shekaru. Da ɓarayin daji suka tashe mu, na ɗauko shi zuwa Anka, ido ya tafi, ƙafa ta tafi. Wata rana da la'asar ina gyara masa shimfiɗa, ya riƙe hannuna.

"Ɗan nema," in ji shi, sunan da yake tsokanata da shi, "ba ni ta gulbin nan."

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Na zauna na fara, ina tuntuɓe. Da ruwa ya kai wuya, ya ce, "Mai ciwon, sunanai Mamman. Mutumin Gummi na."



"Sun haye?" ya tambaya.

"Sun haye, Baba. Su biyu."

Ya saki hannuna. "Kai ba ka iya ba. Ita in ta hwaɗi, yarda nikai."

Bai sake nema ba har ya cika. Ashe duk shekarun nan ba mu take yi wa tatsuniya ba, mijinta take lallashi ya samu barci, mu cin gyaɗa kawai muka je. Bana na kai dawa Gummi. Jikan Mamman ya tambaye ni mene ne haɗinmu. Na buɗe baki, sai na ce masa shi dai ya karɓa.