Baba Jatau da Dokin da Aka Yanke wa Kunne

Kafin a buɗe rumfuna a kasuwar Matankari, Baba Jatau ya riga ya hura wuta a gindin gawonsa, ya ɗora tukunyar ruwan kanwa. Gefe ga ƙwaryar garin bagaruwa, ga ɗan tandu na man shanu, ga tsinke. Fatake su jawo jakuna masu gyambon baya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana wankewa, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Shekara talatin ke nan. Bana idonsa ya yi rauni, ya ce ya ajiye tsinke. Shi ya sa nake so a ji abin da ya yi shekarar da ake aikin hanyar Dosso.

Hure mai tallan nono ce ta shigo kasuwa da gudu, rabin nononta ya zube.

"Baba, doki na can bisa fako. Angulaye sun sauka, kuma wallahi shina numfashi!"

Da ya isa, sai da ya dafa ƙasa ya zauna. Jan doki ne, haƙarƙari a waje. Inda sirdi ke zama ya rame ya zama rami, tsutsa na motsi a ciki. Amma abin da ya tsayar wa Baba Jatau da numfashi shi ne kan. Kunnen dama babu shi. An yanke shi daga tushe da wuƙa, jinin bai ma gama bushewa ba.

Ya san ma'anar abin. Dawakin bariki a kunne ake yi musu shaida. In doki ya mutu a hanya, gardi, wato dogarin bariki, ya yanko kunnen ya kai wa kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, a yarda ya mutu. Wannan kuwa ba a jira ya mutu ba.

"Da ransa?" Baba Jatau ke ta maimaitawa. "Da ransa anka yi mai haka?"

Ya lallaɓa ya ta da dokin, suka nufi gida. Tafiyar da ba ta kai ta dafa tuwo ba, sai da suka yini kanta. Taku biyar, dokin ya durƙusa. Baba ya jiƙa masa baki, ya jira. Da suka shigo gari, mutane suka riƙa janye yaransu. Matarsa Balki ta tare ƙofa.

"Malam, dokin Nasara ka kawo muna gida? Kaso kake so, zaman kurkuku da tsufanka?"

"Balki, ɗora ruwa."

Ta yi ta faɗa, amma ta ɗora.

Kai ne, Baba, ka durƙusa kwana tara kana tsince tsutsa da tsinke, warin ya kori har maƙwabta, kai ba ka ɗaure hanci ba. Kai ne ka yage rawaninka ka naɗe kan dabbar saboda ƙudaje. Dokin bai iya tauna harawa, ka dama dusa da kanwa kana ba shi a tafin hannu. Jatau mai hannun sanyi, uban marasa baki.

Ran kwana na goma, da hantsi, gardin da ya yanke kunnen ya zo. Inusa sunansa, da jar hula, da wuƙa a ɗamara. Duk unguwa muka taru bakin danga, ba mai tari.

"Tsoho, dokin ga ya mutu," in ji Inusa. "Na kai kunne, na rantse gaban kumandan. In anka gane shi tsaye, bulala ta ishe ni, a tuɓe min kaya. Kai kuma kaso. Matsa in ƙarasa shi."

Baba Jatau bai ɗago ba, yana matse miki.

"Mi ya hana ka ƙarasa shi tun can?"

Inusa ya ce, "Shekara huɗu ina bisa nai. Ya dube ni. Hannuna ya ƙi."

"Amma bai ƙi kunne ba."

Wata tsohuwa ta yi salati. Muka ce yau Jatau ya kashe kansa. Ba a taɓa faɗa wa mai jar hula haka ba a Matankari.

"Ɗana," in ji Baba Jatau, "kumandan na da kunne, ni ina da doki. Kowa ya riƙe nashi. Zo riƙe min kai, za ni sa bagaruwa, tana da zafi."

Sai Inusa ya tako. Hannunsa ya wuce wuƙar, ya kama kan dokin. Da Baba ya warware rawanin, Inusa ya ga aikin hannunsa da rana tsaka, ya juya ya yi amai a turke. Ya goge baki, ya dawo ya sake riƙewa har aka gama. Da zai tafi ya ce, "Kumandan na fita rangadi bayan sati biyu. Kada ya tarad da shi nan."

Bai tarar ba. Dangin Hure suka kora shi cikin shanu zuwa rugarsu wajen Dumega. Bayan ya warke, gashi fari ya fito a wurin gyambon. Ba a sake ɗora masa sirdi ba.

Baba Jatau, mun gode. Mu da muka tsaya bayan danga muna kallo, kunya ba ta sake mu ba har yau. Allah Ya ba idonka sauƙi. Ku kuma jama'a, in kun ga angulaye sun sauka bakin hanya, kada ku kauce. Ku ƙarasa ku duba, wataƙila abin na numfashi.