Ranar Da Sajida Ta Buɗe Fuska A Bakin Buhaira

A unguwar Kurayyat da ke Jidda, duk wanda ya ce maka ya san fuskar Sajida, ka ƙara masa tambaya. Maƙwabta sun san muryarta, sun san ɗan ɗingishinta, sun san buhun gwangwanayen da take ja a lunguna, amma daga ido zuwa haɓa sai dai a yi kintace. Wasu na cewa tsoron Allah ne ya sa ta riƙe niƙabi haka. Tsoron Allah kam tana da shi daidai gwargwado, sai dai wannan niƙabin na tsoron jawazat ne, masu kamun marasa takardar zama.

Umara ce ta kawo ta daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, ita da mijinta Musbahu, shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Suka yi ɗawafi, suka sha zamzam, jirgi ya koma ba su. Musbahu ya yi dako a kasuwar kifi har ranar da aka tare su a bakin titi, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka sa shi a jirgi. Bai sake ganin Jidda ba, a can gida ya rasu. Ya bar ta da goyon 'yarsu Madina, ya kuma bar mata tsoro, wanda ya shiga cikinta ya shimfiɗa tabarma.

Ba ta tsayawa inda jama'a suka taru. Ba ta amsa sunanta a titi. In ta ji jiniya, ko ta motar kashe gobara ce, sai ta nemi maɓoya. An taɓa samunta a durƙushe bayan kwandon shara tana salati, ashe ayarin 'yan kai amarya ne ke wucewa da hon. Rabi'a, wadda suke haya ɗaki ɗaya, takan ce, "Ke ko inuwarki ce ta sa hula, sai kin nuna mata ba ki da laifi." Sajida ba ta dariya. Ta san wanda aka ɗauki yatsunsa ba ya dawowa, a gida kuma ba ta da kowa sai kaburbura. Duniyarta duka Madina ce, wadda ta auri Zaharadden a unguwar Madain Fahd, ga ta da cikin fari. Abin da Sajida ke roƙo a kowace sujada shi ne a bar ta kusa da 'yarta, ta yi mata wankan jego da hannunta.

Wata safiya tana tsintar gwangwani sai ta ji an tsaya a bayanta. Ta waiga, ta ga riga mai ruwan ɗorawa irin ta ma'aikata. Buhun ya suɓuce, gwangwanaye suka watse da ƙara.

"Ya khala, la tikhafi," in ji mai rigar, wata budurwa. "Kada ka ji tsoro. Mu ba hukuma ba, wallah."

Sunanta Wafa', malamar firamare. Kakanta da ƙafa ya zo aikin Hajji daga Kano ya zauna, ita kuma a unguwar Bani Malik aka haife ta, 'yar ƙasa ce cikakkiya. Hausarta duk ta karye, mace "ka" namiji "ki", amma tana jin duk abin da aka faɗa. Ta ce su matasa ne 'yan sa-kai, kowace Asabar suna zuwa kudancin gari su kwashe shara a bakin buhaira, wani tafki da teku ke turo wa ruwa. Gwangwani na nan kamar ƙasa, in Sajida ta zo duk nata ne.

Sajida ta kwana tana juya maganar. Da safe ta kafa sharaɗi guda: ba hoto.

"Halas, ba hoto," in ji Wafa'.

Haka Sajida ta fara bin bas ɗinsu, ita da Rabi'a. A hanya, duk inda ta hango motar shurɗa, wato 'yan sanda, sai ta nutse a kujera tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Wurin kuwa da farko abin takaici ne. Masu zuwa shan iska sun bar ledoji da kwalabe da tokar gashin nama da kunzugun yara, masunta sun bar tsofaffin komaye sun nannaɗe saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Matasan suna shiga taɓo har gwiwa, suna yanke igiyoyi, suna cika buhuna, suna dasa ƙananan itatuwa inda aka tattake. Bayan 'yan watanni ruwan ya fara nuna ƙasansa, zalɓe ya dawo yana tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar a fadamar garinsu. Sajida ta so wurin, ta so shi ƙwarai, har ta daina tsayawa kan gwangwani kaɗai, leda ma tana tsinta. Amma in an taru ɗaukar hoton ƙarshen aiki, a bayan bas za ka same ta.

Ranar da abin ya faru, jama'a sun bazu a gefen ruwa, nesa da juna. Wafa' ta shiga janyo wata koma, ta zame, wani tsohon kwano mai tsatsa da ke binne a taɓo ya tsarge mata sha-raɓa. Sajida ce mafi kusa, sai wani saurayi Saif da ke aikin jinya. Suka jawo ta gaɓa. Jini yana tsartuwa, Saif ya danne da hannu biyu, ya ɗaga murya ya ce a kira is'af, motar asibiti.

Kalmar nan ta daki Sajida a ƙirji. Kowa a Kurayyat ya san is'af ba ta tafiya ita kaɗai, shurɗa na biye. Rabi'a ta riga ta tattare abayarta.

"Sajida, taso! Yalla, mu bi ta bayan itatuwan nan. Ki tuna Madina!"

Sajida ta miƙe kuwa. Ta yi taku, ta ƙara wani. Sai Saif ya yi ihu yana neman ƙyalle, kowane iri, a ɗaure. Mayafin Wafa' ya tafi cikin taɓo, hannun kowa safar roba ce da leda. Wafa' ta dubi Sajida, leɓunanta sun yi fari, ta ce, "Khala, sanyi nake ji."

Sajida ta kai hannu ƙeya ta kwance niƙabin. Iskar teku ta bugi kumatunta, ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Ta durƙusa, Saif ya nuna mata wurin, suka ɗaure tamau, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Daga nesa jiniya ta taso. Tana ƙaruwa, tana matsowa, amma Sajida ba ta saki kan Wafa' ba.

Aka zo aka ɗauki Wafa'. Wani ɗan sanda ya tsaya a kan Sajida, tana kallon takalminsa, tana jiran ya tambayi iƙama, takardar zama. Sai ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, ya hajja," ya juya ya shiga mota. Ta daɗe a zaune a taɓon. A bas ta rufe fuska da gefen mayafi, ta yi ta godiya ga Allah, a zatonta ta sha.

Ashe wata yarinya cikin 'yan sa-kan, Mashael, sabuwar zuwa da ba ta san sharaɗin ba, ta ɗauki abin duka a waya. Da zuciya ɗaya ta sa shi a intanet, ta rubuta cewa ga wata uwa daga Kurayyat da ta ceci malamarsu. Kafin azahar ɗin washegari fuskar da aka ɓoye shekara ashirin tana cikin aljihun kowa. Wafa' daga gadon asibiti ta yi ta kuka tana roƙon a goge. Aka goge, amma ina, abin ya riga ya zama zarar bunu.

Sajida ta sayi sabon niƙabi, bai hana komai ba, ɗingishin ya tona ta. Mai kanti ya gaishe ta da suna da ƙarfi a gaban mutane. Wasu samari suka shigo unguwa da kyamara suna tambayar gidan hajjar buhaira. Aka aiko cewa ana son a karrama ta a gaban manya. Kowace gaisuwa sai ta ji kamar hannu ne a kafaɗarta. Ta daina fita. Rabi'a ta ɗaure kayanta ta koma wajen wata 'yar garinsu, tana ba da haƙuri, ta ce ɗakin ya yi haske da yawa. In an ƙwanƙwasa ƙofa, Sajida sai ta riƙe numfashi har takun ya yi nisa.

Cikin haka Madina ta haihu, mace. Sajida ta ga jaririyar a waya, ta yi kukan daɗi, ta ce komai zai faru ranar suna sai ta je. Ta aika aka sayo fulawa da mai, ta zauna ta soya dubulan da cincin, ta cika manyan robobi biyu.

Ana gobe suna, da la'asar, Madina ta kira. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi ƙafa, ta tambayi zafi.

"Umma," ta ce. "Zaharadden ya ce in roƙe ki. Rabin matan da za su zo ba su da takarda, sun ce in kina nan ba za su shigo ba, wai masu kyamara za su biyo ki. Shi ma yana tsoron kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takarda, ya ji. Umma, ki yafe mini. Ki bari sai ƙura ta lafa."

Sajida ta dubi robobin a bakin ƙofa, an riga an ɗaure su da igiya. Ta so ta yi fushi, ta rasa da wa. Da ita ce a cikin matan nan, da ita za ta fara faɗar haka.

"Sun yi gaskiya," ta ce. "Ki turo a ɗauki dubulan. Ki riƙa shan kunun kanwa da zafinsa, kin ji? Kada ki bari ruwan wankan ya huce."

"To, Umma."

"Kanga wa jaririyar wayar a kunne, in yi mata addu'a."