Usta Hikmatilla da Bangon Injin Soda

Shekara talatin da biyar Usta Hikmatilla ya yi yana zaga titunan birnin Kokand da jakar sifanoni, yana duba injunan soda na zamanin Sobiyet, waɗanda ake jefa wa tsabar kopek uku su tsiyayo ruwa mai gas da zaƙi. Da zamanin ya wuce aka kwashe injunan aka sayar wa 'yan gwangwan, shi kuma ya koma gida da tari da baƙar magana.

Guda ɗaya ya tsira a bayan rumfar sayar da somsa, gasasshen burodi mai nama a ciki, da babana ya bar min a bakin tasha. Bara aka buɗe sabon shago mai firji uku a gefena, ciniki ya juya min baya. Na ƙudurta sai na ta da tsohon injin kafin chilla, kwana arba'in ɗin nan da rana ke gasa mutum a tsaye. In bai ba da ruwan sanyi ba, rufe rumfar zan yi.

Usta ya zo ya kwance bangon injin. Audugar gilashin da aka cusa don riƙe sanyi ta jiƙe ta yi baƙi, ɓeraye sun hayayyafa a ciki.

"Dilrabo, 'yata, wannan inji ne ko asibitin haihuwa?"

"Sai mu sayo sabuwar audugar, Usta."

"Ita ta cinye min ƙirji. So kike naki ma ya riƙa busa sarewa?"

Shi ba ya yarda da bakin masu sayar da kaya, sai ya gwada abin da zai maye gurbin audugar da kansa. Ya sa na kawo ƙanƙara dunƙule uku, ya naɗe ɗaya a bargon gashin tumaki, ya rufe ɗaya da farin allon soso mai tauri, ta ukun ya sa ta a kwali ya feshe shi da kumfar gwangwani mai kumbura. Ya jera su a rana ya zauna shan shayi. Bargon ya jiƙe sharkaf tun kafin azahar. Ta cikin kumfar ce ta fi daɗewa, amma sai ya ce allon za mu sa.

"Haba Usta! Ai kumfar ce ta ci."

"Ta ci a kwali. Kwanon jikin injin nan ya girme ki, ba zai iya da turinta ba. Kuma in ta haɗiye bututan, wa zai sake ganinsu?"

Yanka allon daidai kowane lungu aikin mako guda ne, ni kuwa kwana goma suka rage min. Na tsani jan ƙafa, kuma na ga tsohon nan iyayi kawai yake min. Ranar Juma'a, yana tafiya masallaci, na girgiza gwangwani biyu na feshe cikin ƙofar injin tas. Kafin ya dawo ta yi tulu kamar ƙullun da ya kwana, ta ƙi rufuwa.

Ya tsaya ya daɗe yana kallonta.

"Masha Allah. Wata nawa ne cikin?"

Kuka ya ƙwace min. Na ɗauka jakarsa zai ɗauka ya tafi, kuma da ya tafi ba zan ga laifinsa ba. Sai ya ce, "Share hancinki, ki ba ni cokali."

Kwana huɗu ya yi a durƙushe yana kankare kumfar da cokalin miya, don kada ƙarfe mai kaifi ya huda bututu. Ya buge kwanon da gudumar katako har ya miƙe. Sannan muka shiga yanka allo da wuƙar burodi ba dare ba rana, shi yana aunawa da tafin hannu, ni ina yanka, yana zagin kowace kusurwa da na karkace. Kowace tsaga ya liƙe ta don kada gumin sanyi ya shiga ya kawo tsatsa. Wani lokaci tarin kan turnuƙe shi har sai ya dafa injin, amma bai taɓa fashi ba.

Ana gobe chilla muka kunna. Injin ya yi gurnani, ya yi tsaki, ruwa ya cika tambulan har gilashin ya yi raɓa. Direbobin tasha suka taso suka yi layi, dattawa suna ta rantsuwa cewa ɗanɗanon bai canja ba. Rumfata tana nan a buɗe har yau, kuma bayan Allah, wannan tsohon nake gode wa.

Tambulan na farko shi na miƙa wa da hannu biyu. Ya karɓa ya manna a kumatunsa, ya lumshe ido, ya daɗe a haka. Sannan ya mayar min da shi a cike.

"Ya yi. Shekara goma ke nan likita ya hana ni sanyi, 'yata. Ke shanye, ni zubo min shayi."