Matar Da Ke Fita Idan Ana Ruwa

Da ƙarfe shida na safe Glenys Mulqueen takan kunna rediyo ta saurari hasashen yanayi. Idan aka ce rana za ta fito, sai ta zauna da shayinta. Idan aka ce ruwa na tafe daga teku, sai ta sa rigar ruwa, ta ɗaura shebur da sandunan ƙarfe a 'yar amalanken da ke maƙale a bayan kekenta, ta nufi ƙofar hanya a bakin Tafkin Ƙasa. A nan gaɓar teku ta yamma ana ruwa kusan rabin kwanakin shekara, don haka ba ta cika zama ba. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aiki. Yanzu shekarunta sittin da takwas, kuma a watan Yuni likita zai yi mata aiki a gwiwa.

Hanyar da take kula da ita kilomita talatin da ɗaya ce, tsakuwa zalla, a kan tsohon layin dogo na jiragen ƙasa masu ɗaukar katako, daga Tafkin Ƙasa ta cikin kurmi zuwa Tafkin Sama. Mota ba ta shiga. A ƙarƙashinta akwai kwalbati ɗari biyu da goma sha huɗu, kuma su ne aikin Glenys. Idan ɗaya ya toshe, ruwa yakan hau kan hanya ya kwashe tsakuwar. Idan aka bar shi, ya ci ƙasar da ke ƙarƙashi.

Dalilin fitarta cikin ruwa a fili yake. Kwalbatin da ya toshe ba a gane shi a bushe. Bakinsa kan kasance fes, alhali reshe da laka sun cika tsakiyarsa. Sai ruwa na gudu ne takan tsaya ta dubi abin da ke shiga ta wannan gefe da abin da ke fita ta wancan. Idan ba su yi daidai ba, ta durƙusa, ta haɗa sandunanta, ta zura.

Masu keke kuwa da rana suke fita. Na'urar ƙidaya da ke ƙofa ta nuna mutum dubu goma sha ɗaya sun bi hanyar bara, amma da wuya a samu ashirin a cikinsu da suka taɓa ganin Glenys. Tipene Waaka, direban da ke kai masu keke Tafkin Sama da motarsa, ya ce yakan tambayi fasinjojinsa wa suke zaton ke gyara hanyar. Yawancinsu sukan ce wani injin hukuma ne.

Shi Tipene ya san ta, domin a bakin titi sukan haɗu tana dawowa jagab.

"Goggo, wai ke mutum ce ko kwaɗo?" in ji shi wata rana.

"Kwaɗon dai bai taɓa kafe mota a laka sau biyu a wuri ɗaya ba," ta ce, ta wuce.

Da mijinta Lindsay suka fara aikin, shi yana duba mashigar ruwa, ita tana duba mafita, suna kiran juna ta saman hanya. Ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Tun daga lokacin takan duba gefe ɗaya, ta haye ta duba ɗayan. A kilomita ashirin na tsakiya waya ba ta kamawa. 'Yarta da ke Perth takan kira ta duk Lahadi ta ce ta sayar da gidan ta dawo wurinsu. Da na tambaye ta wa take yi wa magana a daji, ta ce akwai wani ɗan tsuntsu da ke bin sheburinta don tsutsa, kuma shi kaɗai ne mai duba aiki da ya taɓa zuwa.

Abin da aka sani na ayyukanta daga bakin wasu aka ji shi. Athol Breeze, manomin da gonarsa ke iyaka da hanyar, ya ce a shekarar da aka yi wata babbar ambaliya ya gan ta ta shiga daji da safe kwana uku a jere, tana tura keken domin ruwa ya kai gwiwa. Kwalbati na casa'in da bakwai ne ya toshe, a inda hanyar ke kan tudun ƙasa mai tsayin mita tara. Injiniyan da ya zo daga baya ya rubuta cewa da an ƙara yini guda, da tudun ya zube gaba ɗaya.

Akwai kuma wani malamin makaranta daga Christchurch da ya raina hasashen yanayi, ya faɗi a gangara, ya karya ƙashin kafaɗa. Ya yi awa biyu zaune cikin ruwa kafin ya ji ƙarar sarƙar keke. Ya gaya mini ta ba shi shayi daga filas, ta ɗora shi a amalanken a kan shebur, ta ja shi kilomita tara. A duk tafiyar, in ji shi, magana ɗaya ta yi masa: ta tambaye shi ko a garinsu ba a sayar da rediyo.

Glenys, ke ce mai aikin da ba a gani sai an daina shi. Dubban mutane sun bi bayanki a kan busasshiyar tsakuwa, suka yaba wa kurmi da tafki, suka koma gida ba su san an durƙusa musu cikin laka ba.

A watan Maris ta sanar da kwamitin hanyar cewa za ta ajiye aiki. Kwamitin ya yanke cewa idan ba a samu mai karɓa ba zuwa ƙarshen Mayu, za a rufe hanyar. Injiniyan ya ce hunturu ɗaya, wanda a nan yakan fara a Yuni da ruwa mai yawa, ba tare da gyara ba ya isa ya kawar da tudun, kuma kwamitin ya ce ba shi da ikon sake gina shi.

Aka kira aikin gayya. An sa shi ranar Asabar, rana tana haske. Mutum arba'in da biyu suka zo, suka share ganye daga bakin kwalbati sittin, suka gasa nama a bakin tafki, suka ɗauki hoto. Ranar Talata aka yi ruwa, uku daga cikin waɗanda aka share suka tumbatsa. Glenys ba ta zargi kowa ba. Ta dai ce sun wanke baki sun bar maƙogwaro. Sai ta sa aka manna takarda a shagon gari: mai son koyon aikin ya same ta a ƙofa da ƙarfe bakwai, duk safiyar da ake ruwa.

An yi ruwa safiya bakwai a watan Afrilu. Kowace rana ta zo da shebur biyu, ta jira minti goma sha biyar, ta shiga ita kaɗai. A ta takwas ta tarar da Tipene a tsaye da keken aro, wanda ya yi masa kaɗan.

"Kada ki ga kamar tausayi ne, Goggo. Ranar ruwa ba ni da fasinja."

"Riƙe sheburin da kyau. Ba sitiyari ba ne."

Ya yi kilomita goma sha biyu kafin ƙafafunsa su gaza. Ya koma sau huɗu bayan haka, kuma kwamitin ya amince ya riƙe wannan yankin. Sauran kilomita goma sha tara, har da tudun, ba su da kowa.

Mun gode, Glenys, a madadin waɗanda ba su san akwai wadda za su gode wa ba. Ga masu karatu kuma, musamman waɗanda kekunansu ke rataye a gareji suna jiran rana: aikin ba ya bukatar takardar shaida. Yana bukatar mutum ɗaya ko biyu masu gwiwa lafiyayya da za su yarda su jiƙe, kuma saura mako uku a koya daga wadda ta iya.

Kwamitin ya riga ya sa an yi allon rufewa, wanda za a kafa a kilomita na goma sha biyu. Yana jingine a shagon kafinta. Glenys ta je ta gan shi ranar Juma'a. Kafintan ya ce ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ƙafafunsa sun yi gajeru, ƙasar wurin taushi gare ta, ruwan farko zai kwantar da shi, wani ya wuce bai sani ba. Ta sa ya ƙara musu rabin mita.