Sabon layina da cinikin bindigar wani

"Ba wa mijinki waya. Ya ce halas, an gama ciniki, bindigar tawa ce, shi ne zai sayar wa wani?"

Abin da wani baƙon mutum ya daka min a waya ke nan jiya da la'asar, ina girki. Ni ko miji ba ni da shi. Aikin jinya ya kawo ni Jidda, layin ma kwanan nan na saya.

Ashe tsohon mai lambar ne ya yi tallar bindigar farauta a intanet, ya saɓa alkawari. Ga shi kuma da iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar, aka yi wa layin rajista.

Mutumin yana kan layi na ruga wurin maƙwabciyata Khala Zainab, haifaffiyar unguwar Hindawiyya a nan Jidda. Ta karɓi wayar ta ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, 'yata allura take yi, ba ta san harsashi ba."

Ya ce, "Kowace lamba da mai ita. Zan gano." Ya kashe.

Da safe Khala ta raka ni muka rufe layin. Amma har yanzu ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai na leƙa ta taga kafin in buɗe.

'Yan uwa mazauna nan, in kai ƙara ko in yi shiru?